Tauye wa mata haƙƙin dukiya: Abin da doka ta tanada da ƙofofin da za a ƙwanƙwasa

Akwai nau'in cin zarafin da ba ya barin tabo a jiki. Likita ba shi da abin da zai rubuta a kansa, maƙwabta kuma ba sa jiyo ƙararsa ta bayan katanga. Magidanci ne mai hali zai janye hannu daga cefane domin ya hori matarsa. Wani zai karɓi kwasar adashinta da sunan aro, shekara ta zagayo ba amo ba labari. A wani gidan kuma ƙannen mamaci ne za su riƙe gona da shago, su bar matarsa da marayu da alkawarin za a raba gado idan hankali ya kwanta.

Tun 2015 dokar Najeriya ta kira wannan abu da sunansa, ta kuma yanka masa hukuncin ɗauri. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa suke aiki da shi, ya riga ta da ɗaruruwan shekaru wajen fayyace abin da yake mallakin mace da abin da ya wajaba a ba ta. Haƙƙin dai a rubuce yake. Wahalar tana ga hanyar isa gare shi: wace ƙofa za a fara ƙwanƙwasawa, da wace hujja, kuma wa zai ciyar da mace da 'ya'yanta kafin shari'a ta ƙare.

Mene ne cin zarafi ta fuskar dukiya?

Shi ne mutum ya yi amfani da kuɗi ko abinci ko muhalli ko sana'a wajen mallake wani, har ya zama ba shi da ikon cewa a'a kuma ba shi da halin tafiya. Masu bincike sukan karkasa shi gida uku. Na farko kanainayewa: riƙe katin cirar kuɗin mace da lambar sirrinsa, ƙwace albashinta ranar da ya shigo, ko sa ta roƙo kafin a ba ta kuɗin sabulu da magani. Na biyu ci da gumi: cinye jarinta, sayar da awakinta ko gwal ɗinta ba da yardarta ba, ko cin bashi da sunanta. Na uku zagon ƙasa: hana ta aikin da aka amince da shi tun kafin aure, korar masu zuwa sayen kayanta, fasa keken ɗinkinta, ko ƙona takardun makarantarta.

A 2008 wata mai bincike a Jami'ar Jihar Michigan ta Amurka, Adrienne Adams, da abokan aikinta sun tattauna da mata 103 da suka nemi taimako saboda cin zarafi a gidan aure. Kashi 99 cikin 100 nasu sun ce an taɓa muzguna musu ta fuskar dukiya. Darasin da ya fito daga wannan bincike shi ne, duka da ƙwacen dukiya sukan tafi tare, kuma rashin abin hannu ne yakan ɗaure mace a inda ake dukanta. Birtaniya ta shigar da wannan nau'i cikin dokarta ta cin zarafi a gida a 2021. Nahiyar Afirka ta riga ta: Yarjejeniyar Maputo ta 2003 kan haƙƙin mata, wadda Najeriya ta amince da ita a 2004, ta lissafa cutarwa ta fuskar tattalin arziki cikin ma'anar cin zarafin mata.

Yadda yake shigowa gidan Bahaushe

A al'adar Hausawa, abin da mace ta samu nata ne. Kuɗin ƙosanta da na kitsonta da ribar kiwonta ba sa shiga aljihun miji, har ma yakan sayi abu a hannunta ya biya. Binciken lafiya da yawan jama'a na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 72 cikin 100 na matan auren Najeriya masu samun kuɗi su ne suke yanke shawarar yadda za su kashe abin da suka samu.

Wannan ne ya sa cutarwar takan shigo ta bayan gida. Miji ba zai ƙwaci kuɗin ba. Zai dai rage na cefane da zarar ya ga sana'a ta kankama. Yau ita ce ta sayi gishiri da manja, gobe kuɗin makaranta, jibi na asibiti, har jari ya narke a tukunya. Idan ta yi magana a ce taimakon juna ne. Ranar da aure ya mutu kuwa, gidan da aka gina da gudummawarta yana da sunan miji a takarda, ita kuma ta fita da kayan ɗakin da suka tsufa.

Wata ƙofar ita ce saki. Ana sallamar mace ta tafi gidan iyayenta tun ranar da aka ba ta takarda, ba kuɗin idda, ba na ciyar da yara. Wani ya ƙi sakin kuma ya ƙi ciyarwa, yana jira ta gaji ta nemi kul'i domin ya yanka mata kuɗin da ya ninka sadakin da ya bayar. Ƙofa ta uku gado ce. Ba a cika cewa mace ba ta da kaso ba. Sai dai a bar gona a hannun yayye maza da sunan kada a wargaza gandu, ko a yi wa kasonta kuɗi da arha a biya ta a guntu-guntu.

Talauci daban, mugunta daban

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 rayuwa ta yi tsada, hauhawar farashi ta haura kashi 34 cikin 100 a ƙarshen 2024. Magidanta da yawa sun gaza sauke nauyin gida ba da son ransu ba, kuma doka ba ta kira gazawa laifi ba. Dokar ƙasa ta yi magana ne a kan hanawa ba tare da dalili ba. Fiƙihu ma ya bambanta wanda ba shi da shi da wanda yake da shi ya hana.

Alamomin da suke raba biyun a bayyane suke. Wanda talauci ya kama yakan raba ɗan abin da ya samu, ba ya ɓoye samunsa, kuma yakan yi murna idan matarsa ta sami sana'a. Mai mugunta yakan ci mai kyau a waje ya bar gida da yunwa, yakan ɗaura wani auren alhali yana kukan babu, yakan buɗe hannu idan an yi masa yadda yake so ya rufe idan an saɓa. Inda kuɗi ya zama linzami, nan ne cin zarafi ya fara.

Me dokar ƙasa ta ce?

Dokar haramta cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a watan Mayun 2015, 'yan kwanaki kafin ya sauka daga mulki. Sashe na 12 ya ce duk wanda ya tilasta wa wani dogaro da shi ta fuskar kuɗi, ko ya ci zarafinsa ta fuskar dukiya, zai fuskanci ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Dokar ta bayyana cewa hana gado, da hana kayan masarufin gida ko kuɗin haya ba tare da dalili ba, da salwantar da kayan da wani yake da haƙƙi a cikinsu, duk suna cikin wannan laifi.

Akwai wasu sassan da suke kusa da shi. Sashe na 9 ya hana korar abokin aure daga gida da ƙarfi. Sashe na 15 ya haramta al'adun da suke cutar da matan da mazansu suka rasu. Sashe na 16 ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara 3 ga wanda ya watsar da mata ko 'ya'ya ba tare da abin ci ba. Dokar ta kuma ba kotu ikon ba da umarnin kariya, wanda zai iya hana wanda ake ƙara sayar da gidan da ake zaune a ciki, ko tilasta masa biyan kuɗin agajin gaggawa. Jami'in jin daɗin jama'a ko ma'aikacin lafiya ko malamin makaranta zai iya neman wannan umarni a madadin mace, idan ta amince a rubuce.

Sai dai akwai sharaɗi babba. Dokar tarayya ce, a Abuja kaɗai take aiki kai tsaye, inda hukumar NAPTIP take kula da aiwatar da ita. Kowace jiha sai majalisarta ta yi tata. Kaduna ta yi a 2018, Bauchi a 2020, Jigawa a 2021, kuma mafi yawan jihohin ƙasar sun bi sahu. Kano, jihar da ta fi kowace yawan jama'a a Arewa, ta daɗe tana cikin masu jan ƙafa. Jihohin da suka karɓi dokar sun yi mata gyare-gyare, don haka lambar sashe da yawan tara suna iya bambanta daga jiha zuwa jiha. Abin da lauya zai fara dubawa ke nan.

Me shari'ar Musulunci ta ce?

Ga mafi yawan matan Arewa, kotun da ta fi kusa ita ce ta shari'ar Musulunci, kuma littattafan da alƙalai suke komawa gare su, irin su Risala da Muhtasar Halil da Tuhfatul Hukkam, ba su bar wannan batu a duhu ba.

Ci da sha da sutura da muhalli wajibi ne a kan miji, ko da matar ta fi shi dukiya. Sadaki nata ne ita kaɗai, ba na uba ba, ba na miji ba. Dukiyarta ba ta gauraya da tasa saboda aure. Malikiyya sun ba miji damar hana ta yin kyautar abin da ya wuce kashi ɗaya cikin uku na dukiyarta, amma wannan dama ba ta mayar da shi mai dukiyar ba, kuma ba ta shafi saye da sayarwarta ba. Labarin Hindu 'yar Utba, matar Abu Sufyan, sananne ne a majalisun karatu: ta kai kukan rowar mijinta ga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kuma yi mata izinin ɗibar abin da zai ishe ta da ɗanta daidai gwargwado.

Akwai hukunce-hukuncen da mata da yawa ba su san suna da su ba. Idan miji yana da hali ya ƙi ciyarwa, abin da ya wuce yana zama bashi a kansa. Abin da mace ta kashe wa mijinta tana iya neman a mayar mata, sai fa idan kyauta ta yi. Idan ya gaza ciyarwa, alƙali zai ba shi wa'adi, in ya cika bai sauke ba a raba auren, ba tare da ta biya komai ba. Idan ta fanshi kanta da kul'i, daga baya ta tabbatar da cewa cutarwa ce ta tilasta mata, ana mayar mata da abin da ta biya. Wadda aka saka saki na kome tana da haƙƙin ciyarwa da wurin zama har ta gama idda, mai ciki kuma har ta haihu. Riƙon yara bayan rabuwa na uwa ne a matakin farko, namiji har ya balaga, mace har ta tare a gidan miji, ciyar da su kuwa yana wuyan uba.

A gado, ayoyi na 11 da 12 na Suratun Nisa'i sun yanke kason kowa. Matar mamaci tana da ɗaya bisa takwas idan ya bar 'ya'ya, abin da Hausawa suke kira tumunin takaba, ko ɗaya bisa huɗu idan bai bari ba. 'Ya mace tana da rabin kason ɗan'uwanta namiji, kuma wannan ya haɗa da gona da gida da fili. Kafin a raba komai sai an biya bashin mamaci, kuma ragowar sadaki ko kuɗin da ya ara a hannun matarsa bashi ne kamar kowane bashi. Wadda hukunci bai gamsar da ita ba tana iya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotun shari'a, daga nan zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, wadda sashe na 277 na tsarin mulki ya ba ta hurumi a kan aure da ciyarwa da kyauta da wasiyya da gado.

A 2017 Sarkin Kano Muhammadu Sanusi II ya bayyana shirin tattara waɗannan hukunce-hukunce cikin kundin dokar iyali guda, har da batun hana wanda ba ya iya riƙe mace ɗaya ƙara aure. Batun ya tayar da muhawara mai zafi, kuma har aka sauke shi daga karaga a 2020 daftarin bai zama doka ba.

Matan da suka yi auren rajista ko na al'ada fa?

Wadda ta yi auren rajista tana ƙarƙashin dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma babbar kotun jiha ce take sauraron ƙararta. Sashe na 70 ya ba kotu ikon yanka kuɗin ciyarwa, na 72 kuma ikon daidaita rabon kadarori. A aikace alƙalai sukan nemi mace ta nuna hujjar gudummawar da ta bayar, abin da yake wahala ga wadda gudummawarta ta tafi a cefane da reno.

Ga al'ummomin da suke bin dokar gargajiya, shekarar 2014 ta kawo sauyi. A shari'ar Ukeje da Ukeje, Kotun Ƙoli ta yanke cewa al'adar Ibo da take hana 'ya mace gadon mahaifinta ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, wanda ya hana wariya saboda jinsi. A shari'ar Anekwe da Nweke kuma ta yi watsi da al'adar korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Hukuncin Kotun Ƙoli ya hau kan kowace kotu a ƙasar, har da kotunan gargajiya na Filato da Binuwai da kudancin Kaduna.

Ina za a kai kuka?

Ƙofar farko a mafi yawan lokuta ita ce ta waliyyai, sai mai unguwa ko limami. Sulhu alheri ne, kuma ya fi kotu sauri da rufin asiri. Rauninsa shi ne yakan ƙare da a yi haƙuri, ba tare da an faɗi nawa za a biya ba, ko yaushe. Sulhun da zai yi amfani shi ne wanda aka rubuta, aka sa adadi da rana, shaidu suka sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Hukumar Hisbah, wadda Kano ta kafa da doka a 2003 kuma take da takwarori a Jigawa da Zamfara da Bauchi da wasu jihohi, tana karɓar irin waɗannan ƙorafe-ƙorafe, tana kuma da mata ma'aikata. Tana iya gayyatar miji ta rubuta yarjejeniya, amma ita ba kotu ba ce. Idan aka karya alkawari, alƙali ne kaɗai mai ikon tilastawa. Akwai kuma cibiyoyin sulhu na manyan kotuna a Kano da Kaduna da Abuja, inda yarjejeniyar da aka cimma take zama hukuncin kotu da zarar alƙali ya sa mata hannu.

Ga wadda ba ta da kuɗin lauya, ƙungiyar mata lauyoyi ta FIDA, wadda ta fara aiki a Najeriya a 1964, tana da rassa a jihohi kuma tana tsaya wa mata da yara kyauta. Hukumar ba da agajin lauyoyi ta tarayya, da aka kafa a 1976, tana da ofis a kowace jiha domin masu ƙaramin ƙarfi, tana ba da shawara da sulhu, tana kuma shiga wasu nau'o'in shari'a. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa tana karɓar ƙorafi kyauta, kuma tun gyaran dokarta na 2010 hukuncinta yana iya samun ƙarfin na babbar kotu. Ma'aikatar harkokin mata ta kowace jiha tana da sashen jin daɗin jama'a da yake bin kadin kuɗin ciyar da yara. Cikin ƙungiyoyi masu zaman kansu akwai WRAPA, da aka kafa a 1999, wadda ta daɗe tana aiki a kan dokar iyali ta Musulunci a Arewa maso Yamma, da FOMWAN, da aka kafa a Minna a 1985, da Gidauniyar Isa Wali a Kano.

Idan ƙwacen dukiya ya haɗu da duka ko barazanar kisa, lissafi ya sauya. Tsira da rai ne a gaba: asibiti domin magani da rahoton likita, sannan 'yan sanda ko NAPTIP. Masu aiki da matan da aka ci zarafinsu sun daɗe suna gargaɗin cewa lokacin da mace take shirin fita yana cikin lokutan da suka fi haɗari, don haka shiri a asirce ya fi sanarwa.

Hujja ce take cin shari'a

Mafi yawan hulɗar kuɗi tsakanin ma'aurata ba ta da shaida. Kunya da yarda ba sa barin mace ta ce wa mijinta ya rubuta. A kotu kuwa mai da'awa ne yake kawo hujja. A shari'ar dukiya, Malikiyya suna karɓar shaidar maza biyu, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai ƙara. Idan aka yi jayayya a kan kayan gida babu shaida, abin da aka saba na mata ne ana ba mace bayan ta rantse, wanda aka saba na maza ne a ba miji. Wannan ƙa'ida takan kare gado da kwanuka, amma ba lallai ta kare babur ko injin niƙan da mace ta saya da kuɗinta ba.

Saboda haka ƙananan abubuwa suna da nauyi. Kuɗin da aka tura ta banki ya bar sawu, wanda aka miƙa hannu da hannu bai bari ba. Rasit ɗin firiji ko keken ɗinki ya kamata ya ɗauki sunan mai shi. Takardar cinikin fili ta fito da sunan matar da ta biya, ko da wakili ne ya tsaya mata. Jerin kayan ɗakin da iyaye suka kai, idan an rubuta shi ranar jere da sa hannun dangin ango, yakan kashe rigima tun kafin ta tashi. Saƙonnin waya da na murya da miji ya amsa bashi a cikinsu suna da amfani. Takardun makaranta da na haihuwar yara da katin ɗan ƙasa sun fi aminci idan akwai kwafinsu a hannun wata amintacciya a wajen gidan.

Banki da bashin dole

Wayar hannu ta buɗe sabuwar ƙofar cutarwa. Wanda yake riƙe da layin wayar mace da lambarta ta BVN zai iya cin bashi da sunanta a manhajojin ba da rance cikin 'yan mintuna. Ita za a bi, ita za a ɓata wa suna. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ba bankuna damar cire bashin da aka ƙi biya daga sauran asusun mai bashin da suke ɗauke da lambar BVN ɗinsa a wasu bankuna, don haka ajiyar da mace ta ɓoye ma ba ta tsira ba.

Akwai matakan kariya. Layin da aka buɗe asusu da shi ya kasance an yi masa rajista da sunan mai asusun. Idan kati ko lambar sirri sun fita hannu, banki yana iya toshe katin nan take ya ba da wani. Dokar bayanan bashi ta 2017 ta ba kowa damar karɓar rahoton bashin da yake kansa sau ɗaya a shekara kyauta daga kamfanonin da suke tattara waɗannan bayanai, ya kuma ƙalubalanci abin da bai sani ba. Ƙorafi yana farawa daga banki a rubuce. Idan bai warware ba, sai sashen kare masu hulɗa na Babban Banki. Manhajojin da suke tozarta masu bashi kuma, hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC ce take sa musu ido.

Duk wannan ya shafi wadda take da asusu ne. Binciken cibiyar EFInA na 2023 ya gano cewa kashi 26 cikin 100 na manyan 'yan Najeriya ba sa cikin kowane tsarin hada-hadar kuɗi, a Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 47, kuma mata ne suka fi yawa a cikinsu. Ga masu gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012 da TAJBank da ya biyo baya a 2019.

Abin tsayawa da ƙafa

Hukuncin kotu ba ya dafa tuwon dare. Mace tana buƙatar abin riƙe kai tun kafin shari'a ta ƙare, kuma nan ne tallafi ya fi ƙaranci. Hukumomin zakka da waƙafi na Sakkwato da Zamfara da Kano suna raba jari da kayan sana'a ga zawarawa da iyayen marayu, ko da yake masu nema sun ninka abin da ake tarawa. Shirin tallafa wa matan Najeriya da Bankin Duniya ya ba rancen dala miliyan 100 a 2018 ya fara a jihohi 6, cikinsu har da Kebbi da Neja da Taraba, inda mata suke haɗuwa ƙungiya-ƙungiya suna tara kuɗi suna ranta wa juna. A 2023 bankin ya amince da ƙarin dala miliyan 500 domin faɗaɗa shi. Tsarin ya yi kama da adashin da mata suka gada, sai dai yana da littafin lissafi da dokoki, kuma kuɗin da yake akwatin ƙungiya ya fi wuyar ƙwacewa a kan wanda yake ƙarƙashin katifa.

Inda giɓin yake

Binciken 2018 da aka ambata ya nuna cewa kashi 55 cikin 100 na matan da aka doka ko aka ci zarafinsu ba su taɓa neman taimako ba. Idan haka abin yake ga cutarwar da ake gani da ido, sai a auna wadda ba a ma san sunanta ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: tsoron a ce ta tona asirin aure, kuɗin mota zuwa kotun da take ɗage zama, da sanin cewa ko ta yi nasara, karɓo kuɗin wata shari'ar ce.

Tarar naira 500,000 da aka rubuta a 2015 ta kai kimanin dala 2,500 a lokacin. Da canjin 2024 ba ta kai dala 400 ba. Kuɗin ciyar da yara da alƙali ya yanka a shekarun baya ba ya sayen abin da yake saya a da, kuma sai uwa ta koma kotu kafin a ƙara. Gidajen fakewa na matan da suka gudo kaɗan ne a Arewa, gidan iyaye ne mafaka, su kuma iyayen sukan mayar da ita saboda nasu nauyin. Jihar Legas ta kafa hukuma ta musamman kan cin zarafi a gida da doka a 2021, da ma'aikatanta da kasafinta. A jihohi da dama kuwa an sa wa doka hannu ne kawai, ba a ware mata kuɗin aiki ba.

Waɗannan duka al'amura ne da suke hannun gwamnoni da majalisun jihohi, kuma suna da amsa a takarda. Shin jihar ta amince da dokar VAPP, kuma an fassara ta da Hausa an kai wa alƙalai da ofisoshin 'yan sanda? Nawa aka ware wa ma'aikatar mata a kasafin bana, nawa aka saki a cikinsa? Mutum nawa aka gurfanar a kan hana gado ko watsar da iyali? Akwai hanyar cire kuɗin ciyar da yara kai tsaye daga albashin ma'aikacin da kotu ta umarta ya ƙi biya? Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan alƙaluma a rubuce, ta kuma ba hukuma kwana 7 ta amsa. Majalisun jihohi sukan karɓi kasafin shekara mai zuwa a watannin ƙarshen shekara, kuma a zaman kare kasafi ne kwamishinan harkokin mata yake bayyana a gaban kwamiti domin amsa tambayoyi.